Darasi: Juriya a Kan Keke, Daga Duwatsun Turai Zuwa Jigawar Mayahi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi ya san keke tun yana ƙarami. Da shi ake kai gero kasuwa, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa, da shi ɗan makaranta yake zuwa garin da aka gina kwaleji, da shi mai sayen fata yake bin ƙauyuka ranar kasuwa. Amma ba kasafai ake zama a yi tunanin abin da ke sa mutum biyu su tashi daga Tasawa da asuba, su nufi Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 120, ɗaya ya isa kafin la'asar har ya yi cinikinsa, ɗayan kuwa, wanda ya fi shi ƙwanji da ƙuruciya, ya sare tun bai kai Cadawa ba. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce wancan mai taurin ƙashi ne, haka Allah ya halicce shi. A 'yan shekarun nan kuma sai a yi ƙasa da murya a ce ai ya haɗiyi wani abu. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, doguwar tafiya a kan keke ta fi dogara ga lissafi bisa ga ƙarfi: lissafin gudun da mutum ya ɗauka, da abin da ya ci, da abin da ya sha, da lokacin da ya huta. Lissafi kuwa ana koyonsa, babba ma ya fi yaro saurin gane shi. Za mu nemo hujjojinmu daga wurin masu hawan duwatsu da keke a ƙasashen nesa, domin su ne aka fi auna jikinsu da rubuta labarinsu, sa'an nan mu gwada hujjojin a kan hanyoyinmu.

A ƙasar Faransa akwai wata tafiya da ake yi duk bayan shekara huɗu, daga wajen birnin Faris zuwa garin Brest da ke bakin teku, a juyo a dawo. Tsawonta kilomita 1,200 ne, ya zarce nisan Yamai zuwa Damagaram wanda yake kimanin 900. An fara yin ta a 1891, shekara takwas ke nan kafin rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta iso Maijirgi a 1899, kuma wanda ya zo na ɗaya a lokacin, Charles Terront, ya gama cikin awa 71 da 'yan mintoci. Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, hawa da gangara ce daga farko har ƙarshe, in aka tara tuddanta hawan ya wuce mita 10,000. Yau dubban mutane ne ke shiga, galibinsu ba 'yan tsere ba ne, ma'aikata ne da malaman makaranta da 'yan fansho, da yawa sun haura shekara 50. Sharaɗin shi ne a gama cikin awa 90, har da cin abinci da barci da gyaran taya. To, ku ɗauki alƙalami ku raba 1,200 gida 90. Abin da za ku samu bai kai kilomita 14 a awa ba. Gwaje-gwajen da ake ci kafin a karɓi mutum ma haka suke: kilomita 200 cikin awa 13 da rabi, 300 cikin awa 20, 400 cikin awa 27, 600 cikin awa 40, wato kusan kilomita 15 a awa. Wannan gudu ne da magidanci mai lafiya yake yi a kan kwalta tsakanin Gazawa da Agye ba tare da ya yi haki ba. Duk da haka a kowane zagaye ɗaruruwa ne ke kasa gamawa, kuma ba rashin gudu ne ke kayar da su ba. Ciki ne ke ƙin abinci, ko gwiwa ta kumbura, ko barci ya ci ƙarfin mutum, ko ya ƙone ƙarfinsa tun ranar farko saboda bin sahun waɗanda suka fi shi.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi. Tun 2013 ake yin wata gasa da ke ratsa nahiyar Turai daga wannan gefe zuwa wancan, ta cikin manyan duwatsu, ba motar rakiya, ba mai miƙa ruwa. Kowa shi zai nemi abincinsa da wurin kwanansa, ya gyara kekensa da hannunsa. A 2019 an taso daga ƙasar Bulgeriya zuwa Brest, kimanin kilomita 4,000. Wadda ta riga kowa isa wata Bajamushiya ce mai shekara 24, Fiona Kolbinger, mai binciken cutar daji, cikin kwana 10 da awa 2 da minti 48, ta bar maza sama da 200 a baya. Da tseren kilomita ɗaya aka yi, da yawa daga cikin mazan nan za su wuce ta fintinkau, domin sun fi ta ƙarfin cinya. Abin da ta fi su shi ne tsari: gudun da ba ya hawa ba ya sauka, tsayawa kaɗan, barcin 'yan awoyi kowane dare ba tare da fashi ba. Idan tafiya ta yi tsawo, ƙwanji yana rage daraja, tsari yana ƙara daraja. Abin da Bahaushe ya daɗe yana faɗa ne, tafiya sannu-sannu kwana nesa, sai dai a nan an sa masa agogo da ma'auni.

Mai karatu zai iya cewa: duk wannan labarin masu duwatsu ne, mu ina muka ga dutse? Gaskiya ne. Ƙasar Tasawa da Mayahi shimfiɗaɗɗiya ce, tudun rairayi da kwari, sai Gulbin Kaba da ya ratsa da goribarsa. Wanda yake son ganin dutse na gaske a Nijar sai ya tafi Abzin, inda ƙololuwar Bagazam ta kai mita 2,022. Amma mu tambayi kanmu, mene ne dutse yake yi wa mai keke? Ƙara masa abin da zai ture yake yi, na tsawon lokaci, ba tare da ya ba shi damar sakin feda ba. Mutum mai kilo 65 a kan keke mai kilo 20, in zai hau mita 1,000 sama, jikinsa zai ƙone kimanin kalori 800 don ɗaga wannan nauyi kaɗai, abin da ke cikin geron da bai kai rubu'in kilo ba. Tsokar cinya ba ta san sunan abin da ke riƙe keke ba. Ko tudu ne, ko iska, ko rairayi, ko buhu a kan kariya, aikin da take yi ɗaya ne, abincin da take ƙonewa ɗaya ne, gajiyar ma ɗaya ce. Waɗannan ukun na ƙarshe kuwa Allah ya wadata mu da su.

Mu fara da iska, don ita aka fi rainawa. Turjiyar da iska ke yi wa mai keke ba ta tafiya daidai da gudu, ninkuwa take yi. Idan kuna tafiyar kilomita 15 a awa, iska kuma ta taso muku ta gaba da gudun 15, ƙirjinku yana karo da iskar 30 ke nan, turjiyar kuwa ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu za ta yi. A hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, iska daga gabas da arewa take fitowa, galibi kuma da hantsi take yin ƙarfi. Ke nan mai dawowa Tasawa daga Maraɗi, ko mai zarcewa Damagaram, yana hawa ne tun daga fitowarsa har isarsa, ko da yake idonsa shimfiɗa yake gani. A damina abin juyawa yake yi, iska ta taso daga kudu da yamma. Akwai kuma wani kuskuren lissafi da mutane ke yi, su ce abin da iska ta ƙwace a zuwa za ta biya a dawowa. Ba ta biya duka. Ku ɗauki tafiyar kilomita 60. Ranar da ba iska, a gudun 15, awa huɗu ne zuwa, huɗu dawowa, takwas ke nan. Ranar iska, in ta rage ku zuwa 10 a zuwa, awa shida kun yi, in ta tura ku da 20 a dawowa, awa uku, jimla tara. An yi asarar awa guda, kuma an fi daɗewa a ɓangaren wahala. Dabarun da 'yan tsere ke yi a kan wannan ba su bukatar ko dala: a fita tun da asuba kafin iska ta farka, a sunkuyo kaɗan, a naɗe babbar riga kada ta cika da iska, in kuma tafiyar ta mutum biyu ce ko uku, a jeru ɗaya bayan ɗaya ana karɓa-karɓar gaba. Wanda ke baya yana samun sauƙin da zai iya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan ɗan'uwa mai keke ake fakewa, ba bayan babbar mota ba, domin direba ba ya ganin wanda ya liƙe masa, birkinsa kuma ba ya sallama.

Rairayi kuwa ya fi tudu mugunta ta fuska ɗaya: tudu yana da gangara, rairayi ba shi da ita. Wanda ya bar kwalta ya shiga hanyoyin amalanke na wajen Urafan ko Kanan Bakashe ko Isawan ya san yadda taya ke nutsewa, kan keke yana kaɗawa, duk bugun feda rabinsa a cikin ƙasa yake ƙarewa. A nan ne nauyin kaya yake bayyana. Jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne cif. A kan kwalta mai laushi, da zarar keke ya ɗauki hanya, ba a jin su sosai. A cikin rairayi ko a kan tudu kuwa kowane kilo sai an biya shi da gumi. Masu hawan dutse sun san haka, shi ya sa suke auna duk abin da za su ɗauka, har a ka'idar gasa aka hana keke ya gaza kilo 6.8 don kada a yi ta rage ƙarfe har ya karye. Mu ba za mu rage kaya ba, tun da kayan ne dalilin tafiyar, amma muna iya raba shi sawu biyu, mu daidaita shi dama da hagu, mu rage wa faffaɗar taya iska kaɗan in za a daɗe cikin rairayi, mu mayar mata in an hau kwalta. Sauka a tura keke a wuri mai zurfi ba abin kunya ba ne, tanadin ƙarfi ne. Sai dai a faɗi gaskiya, akwai abin da dutse ke da shi wanda babu a nan. Can sama iska ba ta da kauri, numfashi ba ya ƙosarwa, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita 1,000, gangara kuma tana bukatar gwanintar birki. Wanda ya girma a birnin Asmara na Eritiriya, mai tsayin sama da mita 2,300, jininsa ya saba da abin da ɗan Mayahi bai saba da shi ba. Wannan bambanci ya shafi mai neman lambar zinariya. Bai shafi mai son ya kai kasuwar Korgom ya dawo da lafiyarsa ba.

Yanzu mu shiga cikin jiki, inda ainihin lissafin yake. Jikin mutum yana da ajiya iri biyu. Akwai sukarin da aka tara a tsoka da hanta, kimanin rabin kilo, mai saurin kamawa amma ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi. Akwai kuma kitse, wanda ko siririn mutum yana da na kwanaki da yawa, amma a hankali yake narkewa, ba ya iya ciyar da gudu mai tsanani. Abin ya yi kama da magidanci mai ƙaramin rumbu a tsakar gida da babban rumbu a gona mai nisa: in ya buɗe wa na gida baki tun da kaka, zai zauna da yunwa alhali yana da hatsi, domin na gona kaɗan-kaɗan ake kawo shi. Mai keken da ya fita da gudu yana haki yana cin ajiyar sukari ne zalla. Ranar da ta ƙare, abin ba ya zuwa da sallama: ƙafafu su yi sanyi, gani ya dushe, hannu ya ɗauki rawa, mutum ya ji haushin kowa, tafiyar da yake yi a 18 ta koma 8. Wanda ya ɗauki matsakaicin gudu kuwa kitse ne ke ɗauke masa kaso mai yawa, sukarin ya daɗe. Ma'aunin da za a gane wannan gudu ba ya bukatar na'ura: in kuna iya gaisawa da abokin tafiya, ku tambayi gida da gona a cikin jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ba, kuna kan daidai. In magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, kun wuce iyaka, ku sassauta.

Ko da matsakaicin gudu, sai an riƙa zuba wa jiki abinci a hanya, kuma kafin a ji yunwa. 'Yan tseren Tour de France, wanda ake yi tun 1903, suna ƙone kalori 5,000 zuwa 8,000 a ranar hawan dutse, ninki biyu ko uku na abin da mutum ke bukata a rana, kuma a kan keke suke cin kaso mai yawa. Abin da masana suka daidaita a kai ga doguwar tafiya shi ne kimanin giram 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Dabino kamar goma ya kai wannan. Kada wani ya zaci sai abincin leda na Turawa. Fura da nono ta haɗa gero da ruwa da ɗan tsami mai kwantar da ciki, kuma akwai ta a kowace tasha. Gumba, ƙosai, rake, aya, ƙuli-ƙuli, duk guzuri ne na ƙwarai, sai dai mai maiƙo da nama irin kilishi sun fi dacewa da lokacin sauka, don suna daɗewa a ciki. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a fita da shayi kaɗai, a yi ta jurewa har azahar, sa'an nan a zauna a cika ciki da tuwo ko shinkafa da wake, a hau keke jiki ya mutu. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi.

Ruwa ya fi abinci gaggawa, kuma a nan ƙasarmu ta fi duwatsun Turai tsanani. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka. Mai keke a irin wannan rana yana iya zubar da lita ɗaya ta gumi a awa, ko fiye, kuma da yake iska busasshiya ce gumin yana bushewa nan take, sai dai a ga farin gishiri a wuyan riga. Da zarar mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato ƙasa da lita ɗaya da rabi ga mai kilo 65, ƙarfinsa ya fara raguwa. Ruwa zalla ma in aka yi ta ɗura shi ba gishiri yana da nasa haɗari. Haɗin da ake koya wa uwaye don gudawar yara shi ne dai maganin: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A zuba a ƙaramar jarka, a naɗe ta da tsumman buhu jiƙaƙƙe, a ɗaure a inda iska ke bugunta. Tafiyar kanta za ta sanyaya shi. Fitsari shi ne shaida: in ya yi ja ya yi kaɗan, ana bin jiki bashin ruwa. In kuwa abokin tafiya ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, to zafi ya buge shi, kuma abin yana kisa. A kai shi inuwar gawo ko duk wadda ta samu, a sassauta masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa gidan likita. Mun saba da rana, gaskiya ne, jiki yana sabawa da zafi cikin mako biyu, mu kuwa a cikinsa aka haife mu. Amma sabo yana sa mutum ya ƙara yin gumi ne, ba ya rage masa bukatar ruwa. A bazara, tsakanin ƙarfe 11 da la'asar lokacin inuwa ne. Mai tafiya da azumi kuma ya tuna addini ya yi wa matafiyi rangwame. Malaman Malikiyya sun ƙiyasta nisan da kimanin kilomita 80, sai ya tambayi malaminsa kafin ya fita.

Nan ne za a zo ga maganar da ba a son yi a fili. Wani zai ce: duk wannan dogon lissafi, ai ƙwaya ɗaya ta tiramol ta gama shi, mun ga masu sha suna wuni a kan keke ko a gona ba su gaji ba. Abin da aka gani gaskiya ne, fassarar ce kuskure. Tiramol, wato tiramadol, maganin ciwo ne. Ba ya ƙara wa tsoka ko giram ɗaya na sukari, ba ya mayar da ko kurɓi ɗaya na ruwan da ya fita. Abin da yake yi shi ne toshe saƙon da jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa an kai iyaka. Gajiyar tana nan, ɓarnar tana ci gaba, mai ita ne kawai ba ya ji. Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100 ga mai ciwo. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200 ko 225, yana kawo gyangyaɗi da jiri da farfaɗiya, ga kamu wanda fita daga cikinsa sai an sha wuya. Masu tseren keke sun riga mu bin wannan hanya, sun ga ƙarshenta. Ranar 13 ga Yuli 1967, a kan dutsen Ventoux mai tsayin sama da mita 1,900, cikin tsananin zafi, Tom Simpson ɗan Ingila, wanda ya taɓa zama zakaran duniya, ya faɗi daga kan kekensa kusa da ƙololuwa ya mutu yana da shekara 29. An sami ƙwayar hana gajiya ta amfetamin da barasa a jikinsa. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta tiramadol a gasa tun Maris 2019, har a 2022 aka soke wa Nairo Quintana ɗan Kolombiya matsayi na shida da ya samu a Tour de France saboda shi. Idan mutanen da ke da likita a mota yana bin su a baya sun ga ƙwayar ta fi ƙarfinsu, ina ga saurayin da ke shi kaɗai tsakanin Cadawa da Mayahi da rana tsaka?

Wani ƙorafin shi ne na kayan aiki: keken 'yan tsere na miliyoyi ne, namu Phoenix ne ko tsohon Raleigh na gado, ba giya. A 1910, karon farko da Tour de France ya hau dutsen Tourmalet mai mita 2,115, zangon ranar kilomita 326 ne, hanyar ta tsakuwa ce, kekunan ba su da abin sauya giya irin na yanzu, don sai a 1937 aka yarda da shi a gasar. Octave Lapize, wanda ya ci zangon cikin kimanin awa 14, da ƙafa ya tura kekensa a wurare masu tsauri. Keke mai giya yana da amfani ƙwarai, domin yana barin ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi, sau 80 zuwa 90 a minti, maimakon a yi ta danna feda da ƙarfi ana cin gwiwa. Wanda ya sami hali ya saya. Amma abin da ya fi cutar da masu keke a ƙauyukanmu ba rashin giya ba ne, rashin kulawa ne. Sirdi ya yi ƙasa, gwiwa na lanƙwashe wuni guda. Daidai shi ne, in kun zauna kun ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Kaca ta bushe ta sha ƙura tana kuka, birki ya cinye an bar shi sai tafin takalmi. Ku tsaya wurin mai faci ranar kasuwa ku lura da aikinsa: ya hura tib, ya nutsa shi cikin kwanon ruwa yana juyawa har kumfa ta tona ramin, ya goge wurin ya yi kaushi, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna, sa'an nan, abin da gaggawa ke sa a manta, ya zura yatsa cikin taya ya lalubo ƙayar aduwa ko tsidau da ta yi ɓarnar. Wanda ya iya wannan, yana ɗauke da famfo da faci da sifana, ba ya kwana a daji saboda ƙaya.

Gudun zafi yana sa a yi tafiyar dare, dare kuwa yana da nasa sharaɗi. Mike Hall, wanda ya ƙirƙiro gasar ratsa Turai da muka ambata, mota ce ta buge shi ya mutu da sassafe a ƙarshen Maris 2017, kusa da birnin Kanbera na Ostireliya, yana cikin wata doguwar gasa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram da Diffa cike take da manyan motoci da bas-bas masu gudu. Keken da ba fitila gaba, ba jar alama a baya, mai shi sanye da baƙar riga, direba ba ya ganinsa sai ya zo kansa. Fitilar hannu da ake ɗaurawa da roba da riga mai haske sun fi arha bisa ga kwana ɗaya a gadon likita. In ido ya fara rufewa, minti ashirin a kwance gefen gari ya fi kofi uku na shayi.

Saura masu cewa zamanin keke ya wuce, yanzu na babur ne, da masu cewa kakanninmu sun yi tafiye-tafiye ba su karanta darasi ba. Babur ya fi sauri, ba musu, kuma mai naƙuda ko maciji ya sara ba a ɗora shi a keke in akwai kabu-kabu. Amma babur da mai yake tafiya, farashin mai kuwa ba a hannunmu yake ba. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, kuɗinsa ya ninka kusan sau uku a can, kwalaben da ake jerawa a bakin hanyoyin jihar Maraɗi ma suka bi sahu. Keke da gero yake tafiya, geron kuma a gonarmu yake. Kakanni kuwa ba da ka suke tafiya ba. Ayarin gishirin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya biyo daga Abzin har ya iso Tasawa a Janairu 1851, da fataken da ke zuwa Gwanja neman goro, duk suna da madugu wanda ya san nisan zango da zango, da rijiyar da ke da ruwa, da lokacin tashi da na sauka. Lissafin nan dai ne, a ka yake maimakon takarda. Bambancin shi ne keke ya ninka tafiyar ƙafa sau uku, don haka mai kuskure yana yin nisa da gida kafin ya gane ya yi kuskure, kuma ba shi da madugu sai kansa.

Ba kuma a ce wasan na Turawa ne kaɗai ba. Maƙwabciyarmu Burkina Faso tana shirya Tour du Faso tun 1987, a ƙasa mai zafi da shimfiɗa irin tamu, inda mata ma ke hawan keke zuwa kasuwa ba wanda ya ɗaga ido. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024, ya tafi gida da koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki. A Satumba 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan hanya, karo na farko a Afirka. Ba abin da zai hana ƙungiyoyin samari da magadan gari na Tasawa da Mayahi su shirya tafiyar kilomita 50 ko 100 a watan Disamba, ba don wa ya riga wa ba, sai don kowa ya gama cikin lokacin da aka yanka, da wuraren shan ruwa a hanya da ma'aikacin lafiya a kusa. Mai son shiga ya fara da abin da ya saba, ya riƙa ƙarawa kaɗan kowane mako, yana barin ranar hutu, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa.

Kafin darasi na gaba, kowannenku ya zaɓi hanya ɗaya da ya saba bi, da keke ko da ƙafa. Ya tambayi nisanta a kilomita, ya duba agogo lokacin tashi da lokacin isa, ya raba nisan da awoyin, ya rubuta daga ina iska take, me ya ci, ruwa nawa ya sha. Wanda bai gama iya rubutu ba ya riƙe a ka, za mu rubuta tare a allo. Ku zo da lambobinku, da su za mu yi lissafin mako mai zuwa.